Ido da kunne: yadda aka gano Cygnus A

A Dogarawa, kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, dattijai sun san sararin dare da sunayensa: ga Zara, ga Kaza da ƴaƴanta. Sun kuma san shuu ɗin da akwatin rediyo ke yi idan ana laluben tasha a gajeren zango. Daga irin wannan shuu ne wani sabon reshe na ilimin taurari ya tsiro.

A 1932, Karl Jansky, injiniyan kamfanin tarho na Bell a Amurka, yana neman abin da ke dagula sadarwa a kan mita 14 da rabi, kusa da mitocin da masu sauraren Sashen Hausa suka saba murɗawa. Ya tarar da tsawa tana da nata laifi, amma akwai wata ƙara da ke zuwa daga tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki. Masana taurari ba su kula ba. Su da madubi suka saba.

A 1946, ayarin James Hey a Ingila, da na'urorin da yaƙin duniya ya bari, ya gano cewa wani ɗan wuri cikin jerin taurarin Cygnus, wanda ke tsayawa sama ta arewa a daren damina, yana fitar da ƙara mai ƙarfi. Matsalar ita ce kunnen rediyo na wancan zamani tamkar mai jin kiɗa ne daga nesa cikin dare: ya san ana biki, bai san ko a wane gida ba. Sai a 1951 Graham Smith na Kambirij ya auna wurin daidai, ya aika wa Walter Baade a Kalifoniya. Baade ya juya madubin dutsen Palomar mai faɗin mita 5, sai ga wani ɗan tabo dishi-dishi. Shi da Rudolph Minkowski suka tsattsage haskensa, suka bayyana a 1954 cewa wani gungun taurari ne dabam, mai nisan gaske. Bisa lissafin yau, hasken ya yi tafiyar shekara fiye da miliyan 700.

Baade ya ɗauka gungu biyu ne suka yi karo, kuma wannan bayani bai ɗore ba. Tun 1953 Jennison da Das Gupta, a Jodrell Bank, suka nuna cewa ƙarar tana fitowa ne daga wasu manyan fukafukai biyu, dama da hagu da tabon, inda madubi ba ya ganin kome. Yanzu an san cewa wani baƙin rami mai nauyin rana fiye da biliyan 2 ne ke feso musu wuta daga tsakiya.

Afirka ta Yamma ta sa hannu cikin aikin tun da wuri. Samuel Okoye, ɗan Najeriya, ya yi bincike a Kambirij tare da Antony Hewish a shekarun 1960, kafin ya dasa wannan ilimi a jami'ar Nsukka. A 2017 kuma Gana ta mai da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32, a Kuntunse, ya zama kunnen sauraren sama.