Daga Naraguta zuwa Famfon Jos: Wa Ke Biya, Wa Ke Sha?

Tarihin ruwa a Jos ya fara ne daga kuza. Lokacin da ma'aikatan Kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta a farkon shekarun 1900, abin da ya ja su gefen kogin Dilimi shi ne ruwan wanke kuza. Hausawa 'yan kasuwa da leburori suka taru a wurin, har jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, mazauni ya koma Jos. Dokar birane ta Gwamna Lugga ta 1917 ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma ruwa mai tsabta da kwasar shara suka fi karkata ga ɓangaren masu mulki. Talaka ya san duba-gari mai leƙa salga da randa ya ci tara tun kafin ya san famfo. Nan ne asalin rashin yardar da ke tsakanin mai biya da mai karɓa.

Hujjar da tarihi ya bari ita ce mutane ba sa ƙin biyan kuɗin famfo, suna ƙin biyan abin da wani zai sha ne. A 1908 mutanen Legas sun yi bore kan harajin da aka ɗora musu don aikin ruwan Iju, saboda sun ga Turawa ne za su fi amfana. A Kano kuwa, aikin ruwan Challawa da aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka yi shi, ruwan kuma ya shiga cikin birni. Wanda ya biya haraji ya ga inda kuɗinsa ya tafi.

Wasu za su ce ruwa kyautar Allah ne, bai kamata a sa masa farashi ba. Gaskiya ne ruwan sama ba na kowa ba ne, amma tace shi a madatsar Laminga ko ta Yakubu Gowon, da sayen alam, da tura shi bisa tudun Jos, duk suna cin kuɗi. Kuma inda famfo ya ƙafe, matar aure a Naraguta ba ta samun ruwa kyauta: 'yan ga-ruwa take biya jarka-jarka, a farashin da ya ninka na mai famfo a gida. Ƙin sa farashi na adalci talaka yake fara cuta.

Wasu kuma za su ce hukuma ba abin yarda ba ce, kuɗin zai salwanta. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa shi ne sharaɗi. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwasar shara da kula da magudanar ƙazanta, ruwan famfo kuma yana hannun jiha. Ya wajaba jiha da ƙananan hukumomi su bayyana yadda suka lissafa kuɗin, su zauna da masu unguwanni kafin ƙari, su sassauta wa gidan da ke shan kaɗan, kuma kada a kai takardar biya layin da ruwa bai zo ba, ko inda bola ta toshe kwata. Hukumar da ta cika waɗannan ce kaɗai ke da bakin cewa a biya.