Inabin Da Ake Kira Marini: Daga Faransa Zuwa Gonakin Aljeriya

Yau zan ba ku tarihin wani inabi, kuma kada wani ya ce na fara tallar giya. Ni tarihin da ke bayansa ne ya ja hankalina.

A Turai akwai gwajin da ake yi wa masana giyar inabi. A zuba musu a kofi, a ɓoye kwalbar, a ce su faɗi irin inabin. Akwai wani iri da launinsa ke fara tona masa asiri: ja ne wur har ya kusa zama baƙi, yana kuma barin tabo a jikin kofi. Sunansa Alicante Bouschet.

Yawancin jan inabi, idan ka ɓare shi, cikinsa fari ne, launin a ɓawo yake. Shi wannan har tsokarsa da ruwansa ja ne. Shi ya sa Faransawa ke kiran irinsa teinturier, wato marini. Henri Bouschet ne ya samar da shi a kudancin Faransa a 1866, ta hanyar auren Petit Bouschet da Grenache.

A wannan lokacin ne wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya fara cinye gonakin inabin Faransa. Sai Turawan mulkin mallaka suka cika filayen Aljeriya da inabi, har da wannan marinin. Ana ɗaukar giyar a jirgin ruwa zuwa Faransa, a gauraya ta da tasu mai tsarwa-tsarwa don ta yi launi da ƙarfi, a sayar.

Ku duba fa. Ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne, ba sa sha, ita ce ta fi kowace ƙasa fitar da giyar inabi kafin ta sami 'yanci a 1962. Ƙasar tasu, gumin nasu, ribar ta wasu. Da Faransa ta rage saye, dole aka tumɓuke gonaki masu yawa a zamanin Houari Boumédiène.

Shi masani yana ɗaga kofi ya gane inabin da launinsa. Wanda ya yi noman kuwa, ba ya fitowa a kofi. To ku faɗa min, cikin abin da muke nomawa yau, wanne ne muka zaɓa da kanmu, wanne aka zaɓa mana?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.