GOLF GTI TA FARKO DA TA BIYU: ME YA RABA SU?

Yau mu ɗan ajiye maganar waya mu leƙa tarihin mota.

Ka san Golf dai, ko don waɗanda ke cika tashoshinmu. To tana da wata 'yar uwa mai zafin gudu, GTI. Volkswagen ya fito da Golf a Jamus a 1974, zanen wani ɗan Italiya, Giorgetto Giugiaro. Ita kuwa GTI, wasu ma'aikatan kamfanin ne suka riƙa haɗa ta a gefe bayan an tashi aiki, har manya suka amince. Aka nuna ta a Frankfurt a 1975, ta shiga kasuwa a 1976. Guda 5,000 kacal aka yi niyyar ƙerawa, sai ga shi an sayar da sama da 450,000!

Sirrinta ba girman inji ba ne fa. Lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110, amma da injektan Bosch maimakon kafireta, kuma nauyin motar gaba ɗaya kusan kilo 810. Ka ga ƙaramin jiki da inji mai rai, shi ya sa take kai kilomita 100 cikin kusan sakan 9. Ga jan layi a hancinta, ga kan giya kamar ƙwallon golf. Matsalarta? Birkin baya na ganga ne, sannan tsatsa na saurin cin jikinta.

GTI ta biyu ta zo a 1984. An ƙara mata tsawo da faɗi, an sa birkin faifai a tayoyi huɗu, an inganta kariyar tsatsa. Sai dai duk wannan nauyi ne, kusan kilo 100 a kan na da, alhali injin 1.8 ɗin doki 112 ne, daidai da wanda ta farko ta samu tun 1982. Wato kaya sun ƙaru, mai ɗauka bai canza ba. Kamar ka loda wa waya sabuwar manhaja mai nauyi ne, RAM kuma yana nan yadda yake. Sai a 1986 aka biya bashin da inji mai bawul 16, doki 139, gudu har kilomita 208 a awa. A 1990 kuma G60 ta zo da 160.

In kuɗinka ne kuma kullum za ka hau, ni dai ta biyu zan ce maka, mai bawul 8. Tana ja tun daga ƙasa ba sai ka matse ta ba, kuma bakanike ba ya shan wahalarta. Ta farko yanzu ta masu adana tsofaffin motoci ce, tsadarta ma sai a hankali. Amma fa jikinta bai mutu da wuri ba: a Afirka ta Kudu an ci gaba da ƙera shi da sunan Citi Golf har 2009.