3.2 Masu Babbar Mota Ɗaya a Kasuwar Dawanau

Wannan sashe zai yi bayani a kan mutanen da suka mallaki babbar mota ɗaya tak, suke kuma tuƙa ta da kansu a kasuwar hatsi ta Dawanau. Za a nuna cewa mallakar mota ba ta taɓa ba irin wannan mutum iko a kan lodi ko a kan kuɗin dako ba, tun daga zamanin gyaɗa har zuwa yau.

Kafin zuwan mota, fatake ne ke safarar kaya da jakuna da raƙuma a ƙarƙashin madugu. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Daga baya manyan motoci suka riƙa kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa. A wancan lokaci lodi yana hannun kamfanonin Turawa da manyan attajirai masu lasisin sayen gyaɗa, saboda haka ƙaramin mai mota sai ya raɓu da ɗayansu kafin ya sami aiki. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun durƙusar da wannan ciniki, abin da ya sa masu motoci suka koma dakon hatsi da dabbobi zuwa Kudu.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 an kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci, wato Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da kuma Mercedes a Enugu. Naira tana da daraja, don haka direban da ya daɗe yana yi wa ubangidansa aiki yakan iya tara abin da zai sayi tasa motar. A 1978 ne kuma aka kafa ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa, wadda rassanta suka kama ragamar tashoshi.

An kafa kasuwar Dawanau a 1985 a gefen birnin Kano, kan hanyar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ta kuma karya darajar naira. Dalar da a da ba ta kai naira 1 ba, sai ga shi ta haura naira 4 a watan Satumba na 1986. Ciniki ya buɗe, lodi ya yawaita, amma taya da batir da sauran kayan gyara suka yi tsada. Sabuwar mota ta gagari talaka, ya koma ga kwancen Turai.

Dangane da yadda ake samun lodi kuwa, mai mota yakan shiga layi a tasha. Ɗan kamasho ne ke haɗa shi da mai kaya, ya kuma cire la'adarsa. Daga abin da ya rage za a sayi man gas, a sallami yaron mota, a biya kuɗin ƙungiya da harajin jihohin da za a ratsa, ban da abin da ake bayarwa a shingayen hanya. Idan ya kai wake ko gero Legas bai sami lodin dawowa ba, ribar tafiyar ta tafi. Haka nan idan injin ya buga, ba shi da wata mota da za ta riƙe gida, saɓanin kamfani mai tireloli da yawa. Bugu da ƙari, aikin na kaka ne. Da damina ta faɗi sai lodi ya ja baya.

Wani abin la'akari shi ne iyaka. Hatsin Dawanau yana bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Daura zuwa Damagaram. Rufe iyakokin Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sun tsayar da motoci da dama, alhali masu bashi ba su daina jiran biya ba.

A taƙaice, ubangida ya canza daga mai lasisin gyaɗa zuwa ɗan kamasho, amma matsayin mai mota ɗaya bai canza ba: kashe kuɗinsa yana bin dala, samunsa kuwa yana bin kaka. Sashe na gaba zai duba rawar da ƙungiyoyi suka taka wajen tsayar da kuɗin dako.