Labarin Masu Rubuta Abin Da Bai Zo Ba Tukuna

Ya kai mai karatu, ka san tatsuniya. Gizo ya yi magana, kura ta sha kashi, ba wanda zai tambayi ta yaya. To, akwai wani irin ƙagaggen labari dabam. Mai rubuta shi sai ya fara neman ilimi na gaskiya, sa'an nan ya ce: in mutane suka ƙera abu kaza, me zai faru? Ana ce da shi ƙagaggen labarin kimiyya.

Kada ka ce wannan zancen nesa ne. Ya ratsa ta ƙasarmu.

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdul Karim, ya sauka a Tasawa. Daga Abzin ya fito, zai tafi Katsina da Kano. Duk abin da ya gani a hanya sai ya rubuta. Da ya koma Turai ya buga manyan littattafai biyar.

Wani mutumin Faransa, Jules Verne, ya ɗauki labarin wannan tafiya ya yi aiki da shi. A 1863 ya fitar da littafi a kan mutum uku da suka ƙetare Afirka cikin mako biyar, suna zaune cikin kwando. Kwandon yana rataye a jikin wata ƙatuwar jaka mai cike da iska marar nauyi. Suka bi ta saman Tafkin Cadi, suka hango Damagaram, suka kwana kusa da Agadas. Shi kuwa Verne bai taɓa taka ƙasar nan ba. Shi ya sa ya zana baƙar fata da raini, kamar ba su da wayo. Wannan aibi ne babba, bai kamata a ɓoye maka ba.

Amma ya iya hange. A 1865 ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata cikin wani ƙaton harsashi, daga wurin da ake kira Fulorida a Amurka. A watan Yuli na 1969 mutum uku suka tashi daga Fulorida ɗin nan, biyu daga cikinsu suka taka wata.

Zamanin da wannan rubutu ya fi bunƙasa shi ne daga wajen 1938 zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka ana buga labaran cikin mujallu masu araha, samari suna rububin saye. Isaac Asimov ya yi ta rubutu a kan mutum-mutumin ƙarfe mai aiki kamar ɗan Adam, har ya ƙaga masa dokoki uku. Ta farko ita ce kada ya cuci mutum. Arthur Clarke na Ingila kuwa, a 1945 ya yi lissafi a wata mujalla. Ya nuna in aka ajiye na'ura a sama, nisan kilomita kamar 36,000, za ta riƙa aiko magana ko'ina. Wannan kwanon da kake gani bisa soro a Mayahi, irin wannan na'ura yake kallo.

Mu fa? A shekarar da aka taka wata, 1969, aka buga littafin Umaru Dembo a Zariya, sunansa Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka cikin jirginsa, ya kai shi yawo sararin samaniya. A nan ba Bature ne ke leƙo mu daga cikin kwando ba, yaronmu ne a sama yana kallon ƙasa. Littafin ba shi da kauri, kuma da Hausa yake, da baƙaƙen nan da ka koya. Ka tambayi malamin ajinku ko mai zuwa Kano ya nemo maka shi.