TAƘAITACCEN TARIHIN KARATUN 'YA'YANMU A JIBIYA

GABATARWA

Muna godiya ga Allah wanda ya kawo mu wannan rana ta bikin cikar ikkilisiyarmu shekara 50. Sa'ad da dattawa suka ɗora mana aikin rubuta tarihi, mun ga bai kamata mu tsaya ga ginin majami'a da jerin masu hidima kaɗai ba. Kusan duk wanda ya girma a cikinmu ya zauna a bencin ƙaramar makarantar firamare ta unguwarmu, kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. Saboda haka muka zauna da tsofaffin malamai da tsofaffin 'yan makaranta da ke cikinmu, muka tambaye su abu biyu: me ake yi a cikin aji, me kuma ke hana yara zuwa. Ga abin da muka samu.

KAFIN MAKARANTAR GWAMNATI

Da yawa daga cikin iyayenmu ba su taɓa shiga aji suna yara ba. Sun koyi karatu da girmansu, a ajin yamma na majami'a ko na Yaƙi da Jahilci, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaukaka a shekarun 1950. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kowane mai bi kuwa yana marmarin ya karanta da kansa. 'Yan mishan na SIM, waɗanda suka yi aiki a Babbar Ruga kusa da Katsina da kuma Tsibiri kusa da Maraɗi, sun riƙa haɗa aikinsu da koyar da karatu. Wanda ya sha wahalar koyon baƙi da wasali da furfura a kansa ba ya so ɗansa ya sha irinta. Wannan ne ya sa iyayenmu ba su yi jinkiri ba da ƙofar makaranta ta buɗe wa kowa.

SHEKARAR 1976

A watan Satumba 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka fi sani da UPE. A ƙasa baki ɗaya an yi tsammanin yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Mu ma a nan mun ga namu rabon. Ɗakuna ba su isa ba, benci bai isa ba, malamai ba su isa ba. Wasu azuzuwan a gindin darbejiya suke zama, inuwa ta gusa su gusa. Yawancin yara ba su da takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga makaranta. An ɗauki malamai da yawa da ɗan gajeren horo, daga baya suka ƙaro ilimi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a wannan shekara.

YADDA RANAR MAKARANTA TAKE

Ƙararrawa wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a itace. Da an buga, sai shara, sannan a yi layi a duba farce da haƙora da kai da tufafi. A rera taken ƙasa. Waɗanda suka shiga a 1976 sun koyi tsohon take, aka sauya shi a 1978, ga shi kuma a 2024 an komo da na farkon, jikokinsu na rerawa.

A cikin aji malam yakan fara da kiran suna daga rajista. Sannan karatu. A ƙananan azuzuwa da Hausa ake koyarwa, kamar yadda manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tsara, Turanci kuwa darasi ne a cikin darussa. Malam ya rubuta baƙi a allon bango, ya haɗa shi da wasali, yara su maimaita da ƙarfi har a ji su daga bakin hanya. Wanda ba shi da allo ya share ƙasa ya rubuta da yatsa. Littafin Ka Koyi Karatu guda ɗaya yakan zaga hannun yara uku ko huɗu. Manyan azuzuwa su ne ke samun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ranar da za a karanta shi kuwa ba a cika samun mai fashi ba.

Don lissafi, kowane yaro yakan zo da ƙunshin tsakuwa ko guntayen kara ko marafan kwalba. Wani tsohon malami ya gaya mana dabarar da ta fi yi masa amfani. Yakan buɗe ɗan kanti a kusurwar aji da gwangwanaye da kwalayen ashana, ya yanka takarda ta zama kuɗi, wani yaro ya zama mai kanti, sauran su zo saye. Yaron da ya kasa ɗebe bakwai daga ashirin a allo, in an ba shi canji bai cika ba, nan take zai gane. 'Ya'yan bakin iyaka sun tashi suna jin canjin naira da sefa, lissafi yana kansu, rubuta shi ne kawai ya rage.

Akwai aikin hannu: tsintsiya, igiya, mafici da tabarmar kaba. Akwai gonar makaranta inda ake shuka gyaɗa da wake. A lokacin darasin addini aji yakan rabu biyu, 'ya'yanmu su koma gindin itace da malaminsu, in an gama a sake haɗuwa. Abotar da aka ƙulla a waɗannan bencina tana nan har yau, ta kuma kashe wutar rigima fiye da sau ɗaya.

ABIN DA RAJISTA TAKE FAƊA

Malaman da muka zanta da su duka sun yarda cewa wanda ya iya karanta rajista zai san halin da gari yake ciki. Da damina ta faɗi, maza su tafi shuka da noma, wasu kiwo. Da kaka a tafi girbi. Da hunturu a yi ta makara. Kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, saboda haka Litinin takan samu yara a gajiye, musamman 'yan mata masu talla. Mu kanmu mun san yadda kasuwar nan take rage mana 'yan makarantar Lahadi.

Iyaka ma tana da nata. Daga Magama hanya ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, mutanen ɓangarorin biyu kuwa dangin juna ne tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layi a tsakaninsu. Yaro yakan tafi biki ko gaisuwar mutuwa a ƙetare ya yi mako biyu. Wani ya dawo daga lakwal da 'yar Faransancinsa, a rasa ajin da za a sa shi. 'Ya'yan ma'aikatan kwastan da na shige da fice da 'yan sanda, waɗanda da yawansu membobinmu ne, sukan ɓace daga rajista a tsakiyar zango saboda an yi wa mahaifinsu canjin wurin aiki. Babbar jarrabawa ita ce ta manyan yara maza. Yaro ya ga tsaransa ya yi fiton kaya ta ɓarauniyar hanya ya samu kuɗi a yini ɗaya, ga malaminsa yana jiran albashin wata da watanni. Da wuya ka shawo kansa.

SHEKARUN WAHALA

Bayan farin cikin 1976 sai tsuke bakin aljihu ya zo a farkon shekarun 1980. Littattafan kyauta suka ƙare, albashin malamai ya riƙa makara. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ga kuma fari. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Annobar sanƙarau ta 1996 ta bar gurabe a azuzuwan Arewa da yawa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka soma ganin sababbin ɗakuna. Shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016, da ya iso nan, ya nuna wa kowa cewa yunwa tana cikin masu hana yara zuwa aji.

Shekarun baya-bayan nan sun fi tsanani. A watan Yuli 2018 ambaliya ta ci Jibiya cikin dare, fiye da mutum 40 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ciniki ya tsaya. Cutar korona ta rufe makarantu a watan Maris 2020. A Disamba ta wannan shekara 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, tsoro ya shiga zuciyar kowane mahaifi. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layin waya na wani lokaci. A 2022 mutanen Shimfiɗa suka gudo cikin gari, aka sauke da yawansu a wata makarantar gwamnati. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyaka, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta cire sunaye daga rajista, wasu kuwa ba su dawo ba.

ABIN DA MUKA KOYA

Bulalar makara ba ta taɓa cika aji ba. Malaman da suka riƙe yaransu su ne waɗanda suka ba hannun yaro abin yi, suka kuma taka har gida in ya yi kwana uku ba a gan shi ba. Iyayen da 'ya'yansu suka gama su ne waɗanda suka haƙura da kuɗin talla da na fito na ɗan lokaci, suna tambayar yaro da yamma abin da ya koya. Ba mu da ikon buɗe iyaka ko tsare daji, amma wannan kam yana hannunmu.

KAMMALAWA

Muna godiya ga dukan malamai, Kirista da Musulmi, masu rai da waɗanda suka riga mu, da suka koya wa 'ya'yanmu karatu cikin rashi. Muna roƙon dattawan ikkilisiya da zumuntar mata da matasa, kowa ya duba gidansa da na maƙwabcinsa, har da 'ya'yan baƙin da rikici ya koro. In akwai yaron da ya isa makaranta yana zaune, a kai shi, a kuma bi sawu a ga yana zuwa. Allah ya ba ƙasarmu salama, ya kiyaye 'ya'yanmu a tafiyarsu da komowarsu. Amin.