Daga Agege Zuwa Marina: Dogo, Danfo da Unguwannin Legas

Baƙon da ya sauka Legas yana son ya san garin, ba hange ta gilashin tasi ba, yau yana da hanyar da iyayensa ba su samu ba. Sai ya sayi katin Cowry, ya zuba masa kuɗi, ya hau jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024. Tafiyar kilomita 27 ce daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Iju da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Tashoshin sababbi ne fil, amma hanyar tsohuwa ce. Ita ce ta dogon da Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗawa a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Ibadan a 1901, aka haɗe shi da na Kano a 1912. Da yawa daga cikin waɗannan unguwanni a bakin dogon suka girma, shi ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Bahaushe kuwa, da wuya ya wuce Agege bai sauka ba. A da, fataken goro daga Kano sai sun kora jakuna zuwa Gwanja, tafiyar watanni, kafin su ga huhun goro a kasuwar gida. Da jiragen ruwa suka fara sauke goro a Legas, manoman Agege da kewaye kuma suka shiga shuka shi a farkon ƙarni na 20, sai fatauci ya juya akala. Goro ya riƙa hawa jirgi yana yin Arewa, shanu suna gangarowa Kudu a taragu. Masu masauki da dillalai da mahauta suka kafa zango kusa da tasha, aka yi masallatai, aka naɗa Sarkin Hausawa. Har gobe akwai gidajen da aka haifi kaka da jika a Agege, suna jin Yarabanci kamar Hausa, ba su san wani gari ba sai shi. Babbar mayankar Legas tana nan Oko-Oba, ba nisa. Kuma wanda ya zauna a bencin mai shayi da sassafe, aka yanka masa burodin Agege mai laushi da nauyi, ya karya da abin da rabin garin ke karyawa da shi.

Abin mamaki shi ne Legas ta taɓa yin jirgin cikin gari tun kafin a haɗe Kudu da Arewa. A 1902 aka buɗe wani ɗan ƙaramin jirgi mai tafiya da tururi, yana tashi daga Iddo, ya haye gadar Carter da aka gama a 1901, ya shiga tsibirin Legas. Bai yi tsawon rai ba. Wajen 1913 aka daina ɗaukar mutane da shi, sai dai aka bar wani reshe yana kwashe ƙazantar gari da dare har 1933. Daga nan tsibirin Legas bai sake ganin jirgin fasinja ba sai bayan shekara 110.

Motoci ne suka cike wannan giɓi. Wani Bagirke, J.N. Zarpas, ya kafa kamfanin bas a 1929, hukumar gari ta karɓe shi a 1958. Amma garin ya fi ƙarfin motocin hukuma. Aka yi yayin bolekaja, manyan motoci masu bodin katako da benci. Bayansu molue ta zo, katuwar bas mai ruwan ɗorawa da ake ƙera wa jiki a kan ƙashin motar Marsandi, wadda masu tsayuwa a cikinta suka fi masu zama yawa, ga mai wa'azi a gaba, ga mai tallar magani a baya. A 2013 gwamnatin Babatunde Fashola ta hana ta haye gadojin tsibiri, tun daga nan ta fara ɓacewa.

Danfo ce ta rage, kuma ita ce makarantar baƙo ta gaskiya. Ƙaramar bas ce, asalinta ƙirar Volkswagen, ruwan ɗorawa da baƙin zane biyu a jiki. Kwandasta yana rataye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, takardun kuɗi a ninke tsakanin yatsu, yana kiran sunayen tashoshi da saurin da kunnen baƙo ba ya rarrabewa sai ya saba. Tun kafin a shiga yake gargaɗin cewa ba shi da canji. In aka yi gardama, sai ya miƙa wa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba takarda ɗaya, ya ce su je su raba. Mai son sauka ba ya jiran a tambaye shi, da ƙarfi zai ce "o wa", in ba haka ba ya tsinci kansa a wata unguwa. A kowace tasha 'yan kamasho, waɗanda a can ake kira agbero, suna bin motar da gudu suna karɓar nasu. Ba tafiyar jin daɗi ba ce. Amma a nan ne ake jin siyasar gari da tsadar kaya da labarin ƙwallo, duk a zama ɗaya.

Da an bi shirin Gwamna Lateef Jakande, da wahalar ba ta kai haka ba. A 1983 gwamnan ya aza harsashin jirgin cikin gari, sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen shekarar, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin a 1985. Wannan kuskure ne mai tsada, kuma talaka ne ya biya shi da sa'o'in ransa a cunkoso, shekara kusan arba'in. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, da aka buɗe a 1990, ta rage wani abu, amma ba a daɗe ba ita ma ta cika.

Gyaran ya fara ne da bas. A watan Maris na 2008 aka buɗe hanyar BRT daga Mile 12 zuwa CMS, aka keɓe mata layinta da shingen kankare don kada danfo ta kutsa. Ga ɗan Arewa, farkon wannan layi ma gida ne, domin a kasuwar Mile 12 tireloli ke sauke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daga Kano da Sakkwato da Filato, kuma da Hausa ake yin rabin cinikin. Oshodi, wadda a da 'yan kasuwa ke baje kaya a kan dogo har sai sun ji ƙahon jirgi, an share ta a 2009, bayan shekara goma aka buɗe mata katafariyar tashar motoci.

A tsibiri, jirgin Blue Line mai amfani da lantarki ya fara aiki ranar 4 ga Satumban 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2. Daga Marina yana tashi ne a sama, ya tsallaka ruwa, fasinja na kallon jiragen dakon kaya na Apapa da ginin National Theatre da aka yi don bikin FESTAC na 1977. Daga Marina, ɗan taƙi ne zuwa Onikan, inda gidan tarihi ke ajiye da motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, yana hanyar zuwa barikin Dodan. Gaba kaɗan sai Obalende, unguwar barikoki da masu tsire, wadda Hausawa suka daɗe a cikinta. Ba baƙon abu ba ne, tunda rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya, da Hausawa aka fara ta.

Inda jirgi da BRT suka tsaya, sai a koma ƙananan ababen hawa. Keke mai ƙafa uku har yanzu sunan Buba Marwa take amsawa, gwamnan soja da aka shigo da ita a zamaninsa. Acaɓa kuwa, wadda dubban samarin Arewa ke ci da iyalansu da ita, an hana ta a manyan ƙananan hukumomi a 2020, aka sake tsananta dokar a watan Yunin 2022, don haka baƙo kada ya sa ran samun ta a Ikeja ko tsibiri. Mai son Ikorodu yana iya bin ruwa, in zuciyarsa ta ɗauka. Shi kuma Blue Line ana ci gaba da jan shi daga Mile 2 zuwa Okokomaiko, kan hanyar Badagry, inda zai cika kilomita 27.